Hajiya, tun ranar da yaron nan ya shigo gaban motata ban sake samun barci ba

Wannan saƙon bokal ne, wato saƙon murya, ya shigo mini a WhatsApp guda huɗu a jere, wajen ƙarfe uku na dare, kuma lokacin da aka turo shi kaɗai ya isa mutum ya gane halin da mai shi yake ciki. Na nemi izininsa kafin in rubuta, na cire sunansa da na kamfanin da yake wa aiki da sunan ƙauyen, sauran kuma na bar shi yadda ya faɗa da bakinsa, sai dai na taƙaita.

"Hajiya ina wuni, ina gajiya. Ni direban kar ne (babbar motar fasinja) ɗan Tawa, shekarata 16 ina jan mota, 9 daga ciki bisa hanyar Tawa zuwa Yamai, ko ɗan akuya ban taɓa takewa ba. Wata biyu da sunka wuce, da hantsi bayan munka wuce Dogondutsi, wani saurayi na tsaye bakin gudron kamar mai jiran mota, ina tafiya bisa 80, sai da na zo dab da shi, bai kai tsawon kar biyu ba, ya shigo gabana da gangan. Ya dube ni Hajiya, ido cikin ido. Jandarmomi sunka zo sunka yi konsta, fasinja sunka ba da shaida, danginshi ma sunka ce ya daɗe ba shi da lafiya kuma ya sha faɗin zai yi, anka ce ba ni da laifi. Kwana uku kamfani ya ce in koma aiki, na koma. Amma tun ranar in na rufe ido shi nake gani. In na ga mutum tsaye bakin hanya ƙafata na zuwa bisa birki da kanta har fasinja na yi mani faɗa. In mun kusa wurin hannuna rawa yake, zufa ta jiƙa ni. Na fara shan tramol don in iya aiki. Gida ba na son hayaniya, ɗiyana na tsoro na, uwargida ba ta san komai ba sai dai anka yi hatsari. Yaron motata shi ne ya sauka ya rufe shi da bargo, yanzu kullum yana tasha yana ba da labarin yana dariya, kamar in buge shi. Hajiya na kashe rai ko ban kashe ba? Akwai azumin wata biyu bisa kaina? Shi yaron wuta ya tafi? Wasu sun ce aljanin wurin ne ya kama ni. In bar tuƙi? Wani lokaci ina cewa da ma ni ne na tafi in huta."

Ƙanena, sannu. Sannu ƙwarai. Allah ya jiƙan yaron nan ya ba iyayensa haƙuri, kai kuma Allah ya yaye maka.

Zan fara da maganarka ta ƙarshe don ita ce ta hana ni komawa barci a daren. Da ka ce da ma kai ne ka tafi ka huta, na tambaye ka kai tsaye ko kana tunanin yi wa kanka wani abu, ka ce a'a gajiya ce kawai. Na yarda da kai, amma ina so mu yi alkawari a nan gaban jama'a, duk ranar da maganar nan ta tashi daga gajiya ta koma shiri, ko ka ji kana tunanin yadda za ka yi, a ranar ba gobe ba ka faɗa wa uwargida ko wani ɗan'uwanka a kai ka likita, ko da tsakar dare ne, ka bar makullin mota hannun wani. Ba abin kunya ba ne, kai da kanka ka ga abin da shiru ke jawowa.

To yanzu zancen konsta, wato rahoton haɗarin. Jandarmomi sun rubuta mutum ɗaya ne abin ya shafa, don aikinsu shi ne su ƙirga wanda ya ji ciwo a jiki da ƙarfen da ya lanƙwashe. Amma a ranar nan ba mutum ɗaya aka buge ba. An buge ka, an buge yaron motarka, an buge matar da ke zaune kujerar gaba da duk wanda ya leƙo ta taga, sai dai ku naku raunin ba ya jini shi ya sa ba wanda ya ɗauke ku zuwa likita, aka ce alhamdulillahi direba bai ji komai ba, aka ba ka kwana uku. Da ƙafarka ce ta karye a ranar ba wanda zai ce ka hau mota bayan kwana uku, kuma kai ma ba za ka ji kunyar ɗingishi ba. Ni abin da nake so ka riƙe daga duk dogon surutun da zan yi shi ne kai majinyaci ne ba mai laifi ba, kuma wata biyu ke nan kana yawo da ciwo ba a ɗaure maka ba.

Bari mu yi lissafi irin naku na direbobi, don na lura zuciya ba ta jin "ba laifinka ba ne" in an faɗa mata da baki kawai, kowa ya faɗa maka kuma ba ta ji ba. Mota mai tafiya bisa 80 tana cin mita 22 a kowane sakan ɗaya. Ɗan Adam lafiyayye wanda ya yi barci ya ƙoshi, daga lokacin da idonsa ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta sauka kan birki yana cin sakan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, balle abin da bai zata ba. Ke nan mita 22 zuwa 33 sun tafi tun birki bai fara kamawa ba. Bayan ya kama kuma, kar cike da mutane da kaya a kan busasshen gudron tana buƙatar kamar mita 50 kafin ta tsaya cik. Haɗa duka, mita 70 zuwa 80, wato kar shida a jere gindi da baki. Kai ka ce tsakaninku bai kai tsawon kar biyu ba, kar ɗaya mita 12 ce, wato bai kai mita 24 ba. Ka gani? Tazarar ta ƙare tun kafin ƙafarka ta isa birki. Ba direban da Allah ya halitta da zai tsayar da motar nan a wurin. Kuma da ka fizge sitiyari da ƙarfi a kan wannan gudun, da wataƙila yau ana maganar mutum sittin ne a cikin rami ba ɗaya ba. Duk daren da zuciyarka ta fara "da na yi kaza", ka tashi zaune ka sake lissafin nan da yatsunka, ba laifi ko sau ɗari ne.

Sai kallon. Na san shi ne ya fi cin ka, don sau uku ka maimaita shi a bokal ɗin kuma nan ne muryarka ta karye. Direbobin jirgin ƙasa a Turai da irin wannan ya same su, da yawansu abin da suke faɗa ke nan, fuskar da idon, sun fi ƙarar ma tsaya musu a rai. Ƙanena yaron nan bai san ka ba. Bai san sunanka ba, bai san kana da ɗiya ba, bai fito don kai ba, da kun tsaya shan shayi a Ƙonni minti biyar fiye da yadda kuka tsaya da motar bayanka ce, da wani bawan Allah ne yake turo mini bokal. Ido kuwa haka aka halicce shi, yana juyawa wajen abin da ke tahowa. Abin da ya faru a cikin sakan ɗaya, ita ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi ta ja shi ta yi ta ƙara masa ma'ana, yau ta ce maka roƙonka yake, gobe ta ce zarginka yake, jibi ta ce yana jira ka cece shi ne. Duk waɗannan fassarorin a cikin dararen wata biyun nan aka rubuta su, ba a kan hanya ba. Wanda ya kai matsayin da yaron nan ya kai, ciwon da ke cikinsa ya rufe masa komai kamar wanda ke cikin rijiya, ba ya ganin uwarsa ma balle direba. Ban ce kada ka ji haushinsa ba fa, don na ji shi a muryarka ko da ba ka furta ba, ya jefa ka cikin abin da ba ka nema ba kuma jin haushin ba zunubi ba ne, tausayi da haushi suna iya zama a zuciya ɗaya.

Zancen azumi da diyya, wannan fatawa ce kuma ka kai ta wurin malamin da ka yarda da iliminsa, ka kwashe labarin duka ka faɗa masa har da gudun da kake da tazarar da shaidar dangin. Amma kada ka tafi hannu wofi. Aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ita ce ta yi maganar kisan kuskure, diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu bawan da zai 'yanta ba. Malamai na zamani sun zauna a kan yadda za a auna haɗarin mota da wannan ayar, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na 1993 a Burunai ta fitar da matsaya cewa direba yana ɗaukar alhaki in ya yi sakaci ko ganganci, amma ana sauke masa in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kaucewa, ko kuma in aikin shi wanda abin ya sama ne ya jawo sakamakon. Ka duba ka ga a wane layi naka ya faɗa. In bayan haka zuciyarka ta so ka yi sadaka ko ka yi azumin nafila ka yi wa yaron addu'a, ka yi, alheri ne, amma ka yi shi a matsayin kyauta ga mamaci, kada ka yi shi a matsayin tarar da ka yanke wa kanka. Kuma ba yanzu ba da kake tuƙa kilomita sama da 500 ba barci.

Shi kuma ina ya tafi, wannan ba a hannunka yake ba, ba a hannuna ba, ba a hannun 'yan tasha masu yanke hukunci suna kurɓar shayi ba. Kashe kai haramun ne babba, ba mai musun wannan, Allah ya ce kada ku kashe kanku, kuma a ayar nan ɗin dai ya rufe da cewa shi mai jinƙai ne gare ku. Mafi yawan malamai, har da namu na Malikiyya, sun ce ana yi masa wanka a yi masa salla a rufe shi cikin Musulmi, don bai fita daga Musulunci ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim na mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya yi ciwo a Madina ya kasa jurewa ya yi wa kansa abin da ya zama ajalinsa, Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa sai hannuwansa ne a lulluɓe, da aka faɗa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya roƙa wa hannuwan ma gafara. Ga kuma danginsa sun ce ya daɗe ba shi da lafiya, kuma mun san an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Ka yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ni ina ganin ma addu'ar nan za ta yi maka amfani, don duk sanda fuskar ta zo maka kana da abin da za ka ce mata maimakon ka yi ta gudu.

Na zo kan aljani. Ba zan hana ka addu'o'inka da azkar da tofi ba, ka riƙe su da kyau, ni ma da su nake kwana. Amma abin da ka lissafa mini, ganin abin yana dawowa, mafarki, firgita, ƙafa na zuwa birki da kanta, zufa in an kusa wurin, saurin fushi, rashin son hayaniya, wallahi kamar ka buɗe littafin likita kana karantowa ne. Ciwon firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali, a takardar lokotoro za ka ga an rubuta ESPT ko TSPT. A 1980 likitocin Amurka suka sa shi cikin jerin cututtuka da sunansa, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, kuma sojojinmu da ke dawowa daga daji wasunsu sun san shi sarai ko da ba su san sunan ba. Yadda yake aiki, akwai wani sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa gadi ne, in ya ga haɗari sai ya buga ƙararrawa, zuciya ta hau bugu, jiki ya ɗaure, duk don ka tsira. A ƙa'ida in haɗarin ya wuce sai mai gadin ya koma ya zauna, abin ya shiga cikin labaran da suka wuce. Naka mai gadin bai samu labarin an gama ba, har yanzu yana tsaye a bayan Dogondutsi da hantsi, shi ya sa duk mai jiran mota a bakin hanya yake ganinsa kamar yaron. A satuttukan farko kusan kowa yana jin irin wannan kuma ga mafi yawan mutane yana lafawa da kansa. In ya wuce wata ɗaya yana hana mutum barci da aiki da zaman gida, to ya zama na likita. Kai kana wata na biyu.

Kuma ana warkewa, wannan ba lallashi ba ne. A 1992 an wallafa wani bincike kan direbobin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan da mutum ya faɗa gaban jirginsu, bayan wata ɗaya kusan ɗaya cikin shida na da cikakken ciwon nan, wasu da dama kuma na fama da baƙin ciki da tsoro, amma da aka sake duba su bayan wata shida mafi yawansu abin ya sauka sosai. A Jamus da Ingila in haka ta faru direban ba ya ƙarasa tafiyar ma, a wurin ake sauke shi wani ya karɓa, a raka shi gida, a haɗa shi da mai duba shi. Mu nan ba jirgin ƙasa ke ɗaukar mutane ba, layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai shiga aiki ba, saboda haka duk nauyin nan a kan ku yake, direbobin kar da na kamiyo da taksi da faba-faba da 'yan kabu-kabu, kuma ba wanda ya tanadar muku komai. Ina da yaya, Allah ya jiƙansa, da ya yi shekaru yana jan babbar mota hanyar Tawa zuwa Arlit, ya taɓa yin haɗari da rai a ciki ba da laifinsa ba, ya dawo gida ya daina magana, mu yara muka ɗauka baƙin hali ne ya same shi, mahaifiyarmu ta yi ta neman rubutu, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce yaya me ka gani. Sai da na girma na gane. Shi ya sa bokal ɗinka ya tsaya mini.

Tramol ɗin nan dan Allah. Na san me ya sa, ba barci da dare kuma ga tashin asuba, kuma na san a tasha samunsa ya fi samun ruwan sanyi sauƙi. Amma tramol yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya ba gargaɗi, musamman in an yawaita ko ga wanda ba ya barci, ka yi tunanin haka ta same ka bisa 80 da mutane a bayanka. A haɗarin farko ba ka da laifi, amma in wani ya faru da ƙwaya a cikinka wannan lissafin daban ne kuma kai ma ka sani. In ka riga ka saba da shi kullum kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai, jiki zai yi bore, ka faɗa wa lokotoro gaskiyar guda nawa kake sha ya sauke ka a hankali. Haka 'yan ƙwayoyin barci irin su diyazefam da masu tebur ke sayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta ce kada a ba da irinsu don firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, suna danne abin ne ba sa warkar da shi kuma suna kama mutum. Shayi mai ɗaci da Nescafé da goro ma ka rage daga la'asar.

Ga abin da nake so ka yi satin nan. Ka je likita, in kana Tawa ka je CHR, babbar likitar jiha, ka ce kana son ganin mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, in a Yamai ka sauka ka je babbar likita ta ƙasa, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ake kira Pabiyon E. Na san sunan kaɗai yana sa mutane ja da baya, an mayar da shi abin zagi, amma masu zuwa can da ƙafarsu su karɓi shawara su koma aiki suna da yawa, ba wanda zai ɗaure ka. Maganin ciwon nan mafi inganci ma na magana ne, zama ne da wanda ya koyi aikin, a bi labarin da kai daki-daki cikin natsuwa har mai gadin nan ya yarda an gama, wani lokaci a haɗa da ƙwaya ta likita in baƙin cikin ya yi nauyi. Ka nemi ya rubuta maka repo medikal, takardar hutun jinya, ka kai kamfani, ka tafi da wani babba na sandika, ƙungiyarku ta direbobi, in kana jin za su yi maka wasa. Kamfanin da ya maido ka bayan kwana uku bai kyauta ba, ko da rashin sani ne, kuma su ma gara musu direba ya huta sati uku da a kira su a ce kar ta kife.

Barin tuƙi kuwa, kada ka yanke wannan hukuncin yanzu. Mutumin da bai yi barci ba wata biyu ba ya sayar da gona. Ka huta tukuna, sannan a koma a hankali, ka fara bin hanyar a matsayin fasinja kusa da direban da ka yarda da shi, ku wuce wurin, in da hali ku tsaya ka sauka ka yi addu'a ka ga cewa gudron ne kawai da itatuwa, sai ka karɓi ɗan guntun hanya, Tawa zuwa Badagishiri, zuwa Tsernawa, a haka a haka. In sun ba ka wani layin na ɗan lokaci ba laifi, amma kada ya zama gudu na har abada, don shi tsoron nan da gudu yake ƙiba, yau ka kauce wa wurin gobe ka kauce wa hanyar jibi ka kasa shiga ko taksi. In bayan ka warke ka duba ka ce ka gaji da hanya, wannan zaɓinka ne kuma da mutuncinka.

Uwargida ka faɗa mata. Ba sai ka ba ta hoton abin ba, ka ce mata yaron da gangan ya shigo, ina ganinsa a barci, in na yi tsawa ba ku ba ne. Mace tana kwana kusa da kai tana jin kana firgita kana zufa, ka ɗauka ba ta sani ba? Ta sani, abin da ba ta sani ba shi ne dalili, kuma in ba a ba mace dalili ba za ta nemo nata, ta ce ko aure za ka ƙara ko ita ta yi laifi. Yaran kuma ka kira su ka ce baba ba shi da lafiya ne amma yana shan magani, yaro yana gane wannan.

Yaron motarka kada ka buge shi. Dariyar nan ba dariya ba ce. Shi fa ya sauka, shi ya ga abin da kai ba ka gani ba daga sama, da hannunsa ya rufe, kuma yaro ne da bai wuce ashirin ba a cikin tasha inda in ka nuna rauni an samu abin tsokana na shekara. Maimaita labarin da yake yi, shi ma abin ne ke dawo masa yana neman inda zai ajiye. Kai ciwon ya sa ka shiru shi ya sa shi surutu. Kai ne maigidansa, ka kira shi gefe ba cikin mutane ba, ka saya masa abinci, ka ce ni fa tun ranar ba na barci, kai fa? Ka ga abin da zai biyo baya. In za ka likita ka tafi da shi.

Sauran maganata ga fasinja ce da duk mai karatu, don direban ya faɗa mini kafin jandarmomi su iso wayoyi sun fi ashirin a sama, kuma bidiyon ya riga shi isa Tawa. Ku ji tsoron Allah. Yaron nan yana da uwa, kuma direban da kuke ɗauka yana zaune bakin hanya ya dafe kai shi ma yana da ɗiya masu waya. Bayan wannan akwai haɗarin da mutane ba su sani ba, yaɗa irin wannan da nuna wuri da yadda aka yi yana jan wasu masu rauni su kwaikwaya, an gani a Jamus a 2009 bayan golan ƙasar Robert Enke ya kashe kansa, adadin masu kashe kansu ya tashi a satuttukan da suka biyo. An kuma ga akasin haka a Biyana ta Ostiriya, a 1987 'yan jarida suka yarda su daina bazawa da kwatanta irin wannan mutuwar a jirgin ƙarƙashin ƙasa, cikin 'yan watanni adadin ya faɗi da fiye da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke kashe kansu kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda muke faɗa, a cikin gurup ɗin da ka tura bidiyon nan akwai wanda ba ka san me yake ɗauke da shi ba. In yana wayarka ka goge. In kuma kana cikin motar ranar, ko ka taɓa ganin irin haka a bakin gadar Kennedy ko a wata hanya, kuma har yau abin na dawo maka, duk abin da na faɗa wa direba kai ma naka ne, ba sai kai ke riƙe da sitiyari ba.

Ƙanena ka tambaye ni a bokal na huɗu ko ya kamata ka je gaisuwa gidan su yaron, ka ce mahaifinsa ya aiko a ce maka ba komai. Tunda su suka fara miƙo hannu, ni ina ganin ka je, amma ba yanzu ba kuma ba kai kaɗai ba. Ka fara ganin likita, ka samu barci ko na sati biyu ne, sannan ka ɗauki wani dattijo ko limamin unguwarku ku tafi da ɗan abin sadaka, a aika musu tukuna kada ku faɗo musu kwatsam. Ka je a matsayin mai ta'aziyya. In tsohon ya tambaye ka ko ɗansa ya sha wahala, ka faɗa masa gaskiyar da ka sani, abin bai kai ƙiftawar ido ba. Ranar da ka dawo daga likita ka turo mini bokal in ji me suka ce, da rana dai wannan karon in Allah ya yarda, ka kuma faɗa mini yadda kuka yi da yaron motar.